Takaddamar mallakar fasahar cajar motocin lantarki

A Birtaniya cajar motar lantarki ta gida kan ja kimanin amp 32, alhali babban fis na gidaje da dama amp 60 kawai yake ɗauka.

Idan aka kunna murhun lantarki da na'urar dumama ruwa yayin da mota ke caji, fis ɗin yana iya ƙonewa.

Hakan ya sa kamfanoni ke ƙera cajar da ke auna wutar da gida ke sha, ta rage wa mota idan nauyi ya yi yawa.

To sai dai samun haƙƙin mallakar wannan fasaha ba abu ne mai sauƙi ba.

Jami'an ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, mai hedkwata a birnin Munich, kan duba ko dabarar sabuwa ce, da kuma ko kowane ƙwararren injiniya zai iya tunaninta cikin sauƙi.

A nan ne masu nema kan sha wuya, domin an daɗe ana amfani da na'urorin da ke katse wa tukunyar dumama ruwa wuta idan layi ya yi nauyi. Mayar da tsohuwar dabarar kan mota kaɗai ba ya wadatarwa.

Wanda ya tsallake yana iya samun kariyar shekara 20 daga ranar shigar da takardunsa.