Shin da laifi ake haihuwar mutum? Tarihin wata muhawara

A shekarar 1876 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Cesare Lombroso, ya wallafa littafin da ya girgiza masana shari'a a Turai. Ya ce akwai mutanen da da halin aikata laifi ake haihuwarsu, kuma ana iya gane su ta surar jiki: ƙaton muƙamuƙi, manyan kunnuwa, dogayen hannuwa. A cewarsa, tunanin ya zo masa ne lokacin da yake binciken ƙoƙon kan wani fursuna, Giuseppe Villella, inda ya ga wani ɗan rami a ƙeya, ya ɗauke shi alamar komawa ga halin mutanen farko.

Wannan ra'ayi ya saɓa wa na Cesare Beccaria, wanda tun a 1764 ya gina hujjarsa a kan cewa mutum na auna riba da asara kafin ya aikata abu, don haka hukunci ya zama daidai da girman laifi. Idan kuwa jini ne ke tilasta wa mutum, horo ba zai gyara shi ba, sai dai a ware shi daga jama'a.

Masanan Faransa ba su yarda ba. A babban taron da aka yi a birnin Roma a 1885, Alexandre Lacassagne, likita daga Liyon, ya kamanta mai laifi da ƙwayar cuta wadda ba ta yaɗuwa sai ta samu wurin da ya dace da ita. Wurin nan, in ji shi, shi ne yanayin zaman al'umma. Sai dai shi ma wannan bayani, idan aka zurfafa shi, yana rage wa mutum zaɓi: an ɗauke tilas daga jini an ɗora wa muhalli.

A 1913 aka gwada maganar Lombroso da ma'auni. Charles Goring, likitan gidan kaso a Ingila, ya fitar da sakamakon awon fursunoni kimanin 3,000 da ya kwatanta da sojoji da ɗaliban jami'a. Bai samu wata sura ta musamman da ta bambanta mai laifi ba, ko da yake shi kansa ya ci gaba da danganta laifi da ƙarancin basira na gado.

Irin wannan tunani ya cutar da mutane da yawa. A Indiya, dokar Turawan mulkin mallaka ta 1871 ta sanya ƙabilu sukutum cikin jerin masu laifi tun daga haihuwa, kuma ba a cire musu wannan tambari ba sai a 1952. A Amurka, kotun ƙoli ta amince a 1927 da hana wasu mutane haihuwa da ƙarfin doka, aka yi wa sama da mutum 60,000 wannan aiki.

A yau masana na kallon talauci, tarbiyya, shaye-shaye da abokan zama a matsayin abubuwan da ke ƙara haɗari, ba hukuncin da aka riga aka yanke wa mutum ba. Bahaushe na cewa hali zanen dutse, amma shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Shi ya sa a gaban alƙali ake tambayar abin da mutum ya aikata da hujjar da ta tabbatar da shi, ba fuskarsa, danginsa ko unguwar da ya fito ba.