Farin Fure a Kan Shuɗin Bargo

Shirinmu na yau zai leƙa gidajen adana kayan tarihi na Turai, inda ake ajiye tsofaffin bargunan auduga na ƙarni na 18. Ninki uku ne: ƙyalle sama, ƙyalle ƙasa, a shimfiɗa auduga a tsakani, a bi da allura a ɗinke. Da yawansu shuɗi ne, furannin jiki kuma farare. Me ya kawo haka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a Ƙofar Mata ya san halin shuni. Marini zai tsamo zane kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe shuɗi kana kallo. To, wannan halin ne ya gagari masu buga zane. In aka shafa shuni a hatimin katako, kafin a danna shi kan yadi iska ta riga ta taɓa shi. Ba zai kama zare ba, wanki ɗaya ya fita.

Sai aka biyo ta bayan gida. Masu sana'ar Indiya kan rufe wurin da ba sa so rini ya taɓa da kakin zuma. Turawa suka dama yumɓu da ƙaro da wasu sinadarai, su dangwala hatimi a ciki, su danna, su ɗaga, su matsa gaba, har yadi ya ƙare. In ya bushe a tsoma a rini, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa. Da an wanke damun sai fure ya fito fari tas. Matan Abeokuta ma haka suke yi wa yadinsu na adire, da kunun rogo da gashin kaza. Ni dai a ganina, dabarar da ta haɗa Indiya da Turai da ƙasar Yarabawa ta cancanci girmamawa.

Ƙaron nan kuwa, jama'a, daga yankinmu na Afirka ta Yamma ake kai shi Turai a wancan zamani. Yana cikin abin da ya sa Ingila ta ƙwace garin Saint-Louis na Senegal daga hannun Faransa a 1758.

Sana'ar buga yadi kuwa ta ga sauye-sauye: Faransa ta haramta bugaggen yadin auduga daga 1686 zuwa 1759 don kare masaƙanta. Injin buga yadi na Thomas Bell ya zo a 1783, kamfanin BASF ya fara sayar da shunin bature a 1897, aikin hannu ya ja baya. A 2018 UNESCO ta sanya wannan rini na Jamus, Ostiriya, Cek, Hungari da Slobakiya cikin al'adun da ake karewa.

In irin bargon nan ya zo hannunku, ku duba inda fure ya haɗu da fure. Sau da yawa za ku ga ɗan ɗigo, sawun ƙusar da ke kusurwar hatimi, wadda mai bugu ke saita hannunsa da ita.