Kacala Ta Yi Wa Jan-baki Masauki, Gauraka Ya Rasa Wurin Sheƙa

Tsuntsaye biyu sun isa su nuna halin da dausayin Hadeja zuwa Nguru yake ciki a yau. Ɗaya ya yi yawa har manomin shinkafa yana kwana yana tashi da fargabarsa. Ɗayan kuwa, matashin da ya taso a bakin fadamar nan da wuya ya taɓa ganinsa a daji, sai dai a farfajiyar gidan wani mai hali. Na farko jan-baki, na biyu gauraka. Fadama ɗaya ta raine su, amma canjin da aka yi wa ruwanta ya yi wa ɗaya daɗi, ya kashe wa ɗayan gida.

Dausayin yana inda kogin Hadeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su nufi Tafkin Cadi, a tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da Bauci. An ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 370 a yankin, kuma a shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Daga watan Oktoba agwagin ruwa da 'yan tsuntsayen bakin gaɓa suke saukowa daga Turai da Rasha, su cika Dagona da Baturiya. Su baƙi ne, ci kawai ya kawo su, ƙwai kuwa sai sun koma gida. Maganarmu a kan 'yan gida ce, waɗanda a nan suke kwanci.

Gauraka tsuntsu ne mai tsarabe-tsarabe wajen haihuwa. Abinci bai cika ba shi wahala ba: ƙwayar ciyawa, fara, kwaɗi, ƙananan ƙadangaru, har tsintar hatsi a gona bayan girbi. Dare ya yi ya hau bishiya ya kwana, abin da yawancin danginsa na wasu nahiyoyi ba sa yi. Amma sheƙa sai a cikin ruwa. Da damina ta kankama, mace da namiji su sami wurin da ambaliya ta kwanta ba zurfi, inda ciyawa ta isa ta ɓoye su, su tattake ta su tara ta zama tudu a tsakiyar ruwa. A nan macen take saka ƙwai biyu ko uku, su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan wata guda. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa suke bin iyaye a ƙafa, amma sai sun yi wata biyu zuwa uku kafin su iya tashi. Ke nan gauraka yana bukatar wajen wata huɗu na ruwa mara zurfi, ba shanu suna tattakawa, ba mai kama 'ya'ya yana kewayawa. A sha'aninsa, shekarar da aka rasa haka ta tafi a banza.

An kuwa rasa shekaru da yawa. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya ƙone fadamu, noman rani ya ci wasu, masu kamu suka ƙarasa sauran, domin ajiye gauraka a gida ya daɗe da zama abin ado. Tsuntsun da mutane da dama suke kira tsuntsun ƙasa na Najeriya yanzu ya kusa ƙarewa a cikinta. Mai son ganin garkensa sai ya tsallaka zuwa fadamun Waza da Logone a Kamaru, ko gandun Zakouma a Cadi.

Jan-baki kuwa komai nasa na gaggawa ne. Nauyinsa wajen giram 20 ne kawai. Namiji yana gama saƙa sheƙa a kwana biyu ko uku a jikin ƙaya, mace ta saka ƙwai uku, kwana goma zuwa sha biyu su ƙyanƙyashe, bayan mako biyu 'ya'yan sun tashi. Bishiya ɗaya tana iya ɗaukar ɗaruruwan sheƙa. Ana ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi bayan lokacin haihuwa, kuma babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa.

Abin da zai ba manomi mamaki shi ne, gero da shinkafa ba su ne ainihin cimarsa ba. Peter Ward, wani masani ɗan Birtaniya da ya yi nazarinsa a yankin Tafkin Cadi a shekarun 1960, ya nuna cewa ƙwayar ciyawar daji ce abin da ya fi ci. Duk rani yana tsintar wadda ta zube a ƙasa. Ruwan farko yana sauka ƙwayar ta tsiro, abinci ya yanke masa, sai ya yi ƙaura zuwa inda damina ta riga ta sauka har ciyawa ta fitar da kai, sannan ya biyo bayan ruwan yana dawowa. Sai ya sami ɗanyar ƙwaya da ƙwari, irin su fara da tsutsa da zai ɗura wa 'ya'ya, sannan ya yi sheƙa. Gona tana shiga uku ne a lokacin da ta zama ita kaɗai ce abinci kusa da ruwa da wurin kwana. Garke mai tsuntsu miliyan biyu, in ji masu ƙiyasi, yana iya lashe tan 20 na hatsi a yini.

To wurin kwanan nan mu muka gina masa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano. Kafin su, ruwa yana zuwa da ƙarfi a Agusta da Satumba, ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Bayan su sai ambaliyar ta ragu, wani ruwan kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta yi tsawon da ya wuce mutum. Gauraka ba ya iya kiwo a cikin wannan duhuwa, jan-baki kuwa ya sami inda zai kwana lafiya, ga shinkafa da alkama a bakin ƙofa. Shi ya sa yara suke yini a kan rumfa suna kaɗa igiya mai gwangwanaye maimakon su tafi makaranta, gwamnatoci kuma suna hayar jirgi kusan kowace shekara a yi feshi. Maganin da aka saba fesawa, fenthion, bai san jan-baki da wanin jan-baki ba. Shaho da mujiya da duk abin da ya ci gawar suna iya bin ta.

Kada a ce tsuntsu da mutum ba sa zama wuri ɗaya. Ga shamuwa nan. Tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙar kirare a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta saka ƙwai biyu ko uku, ta yini tana cin fara da tsutsa a gonaki. Kaka ta yi ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka. Babu dokar da ta kare ta kamar yadda al'ada ta kare ta: yaro ya ɗauki dutse, kafin ya jefa wani babba ya daka masa tsawa. Ungulu ba ta yi wannan sa'a ba. Ƙwai ɗaya take sakawa a shekara, ga masu tsibbu suna sayen kanta, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa. A mahautar da a da ake korar ta da sanda, yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba.

A ganina feshin jirgi kashe kuɗi ne a kan reshe. Muddin kacala tana tsaye, wani garken zai maye gurbin wanda aka kashe kafin damina ta zagayo. Aikin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da gwamnatocin jihohin da abin ya shafa: a saki ruwan madatsun nan yadda fadama za ta cika da damina ta kuma bushe da rani, a yashe hanyoyin da suka toshe, a hana kamun gauraka da sayar da shi. Masu sarauta da attajiran da suke ajiye shi a gida su ne ya kamata su fara dainawa.