Littafi Na Biyu Na Magana Jari Ce Da Masu Karatunsa A Nguru Da Gashuwa

Duk wanda ya yi firamare a Nguru ko Gashuwa, da wuya a ce bai san akun Sarki Abdurrahman ba. Amma in aka bincika sosai, sai a tarar da yawa a littafi na ɗaya suka tsaya, alhali kuwa Alhaji Abubakar Imam littattafai uku ya rubuta.

A Zariya ya rubuta su cikin 1936, bisa gayyatar Dokta Rupert East, aka soma buga su a 1937. A lokacin nan hanyar jirgin ƙasa ta riga ta iso Nguru daga Kano tun wajen 1930, ta sada wannan yanki da garuruwan da ake buga littattafan boko. Mangawa ne da Badawa ke da ƙasar, kowa da harshensa, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, ita ce kuma yaransu da dama suka fara karanta labari da ita. Yaron da ya tashi a bakin kogin Yobe yana jin zancen aljanun ruwa daga bakin kakarsa, ba zai yi mamaki ba in ya ga aljani a takarda yana ɗauke mutum cikin barci. Ya dai ga nasa ne an sa masa tawada.

To, me ke cikin na biyun? A na ɗaya, aku yana ba da labari ne don ceton rai. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci don ya fitar da Musa daga gida, aku ya yi ta riƙe shi da hira har gari ya waye, kullum haka. A na biyu kuwa an riga an naɗa aku Waziri, sai ga wani aku mai suna Haziƙ daga ƙasar Sirika ya zo su gwada fasaha. Wannan ya kawo labari, wancan ya kawo wanda ya fi shi, ana zolayar juna, ana tsinto kuskure. A nan ne mai karatu ke zama alƙali: ba ya tambayar abin da zai faru kaɗai, har yana auna wanda ya fi iya faɗa. Ba ƙaramin darasi ba ne ga ɗan makaranta, ko da yake wasu malamai ba su cika lura da shi ba.

Gaskiya ne Imam ya ɗebo labarai da dama daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus, amma ya sa musu riga da rawani har ba a gane baƙi ne.

Imam ya rasu a 1981. Gashuwa kuwa ta sami jami'ar tarayya a 2013. Ya kamata shugabannin makarantun yankin su duba ma'ajiyar littattafansu, su ga ko na biyu yana nan, da na uku inda aku ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar.