Mece ce tamowa mai tsanani?

Ana yawan jin ta a labarai tun da gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yunin 2022, ta kuma maimaita a Fabrairun 2024. Tamowa rama ce da ke kama yaro idan jikinsa ya rasa sinadaran gina jiki, ko da kullum cikinsa cike yake da kunun gero. Gudawa, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro na ƙara tsananta ta.

A asibiti ana zagaya damtsen yaro da ɗan ma'auni mai launi uku. Idan kaurinsa bai kai milimita 115 ba, ya faɗa ja, wato ciwon ya yi tsanani. Haka ma idan ƙafafunsa biyu sun kumbura. Maganin tamowar shi ne Plumpy'Nut, kwaɓin gyaɗa da garin madara, mai, sukari da bitamin, wanda ake tsotsa daga leda ba sai an dafa ba. Yaron da ya kasa ci kuwa sai an kwantar da shi.

Tamowa ta fi kama yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar, musamman da damina, lokacin da hatsi ke tsada a kasuwar Dembé da sauran kasuwannin N'Djamena. Iyaye, ledar Plumpy'Nut magani ce, kada a sayar, kada a raba wa yayyen yaron.