FALMARAN MAI ƘYALLI: A GA MUTUM TUKUNA KAFIN A KARANTA SUNAN KAMFANI

Daga Wakilinmu a Abuja

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar jirgin ƙasa ta Idu, ko kuwa ya ratsa unguwar masana'antu da ke maƙwabtaka da ita, lalle ya ga mutane sanye da wata 'yar falmaran mai ɗaukar ido, wata ruwan goro, wata ruwan ɗorawa, da ratsin azurfa a ƙirji da kafaɗu, sa'an nan ga sunan kamfani an buga a gadon baya. Leburori suna sa ta, masu gadi suna sa ta, haka masu lodi da masu shara, har da manyan injiniyoyi. Ma'aikata dai rifilekta suke ce da ita.

Ita Idu tana yamma da tsakiyar birnin Abuja, kusa da Karmo da Gwagwa, kuma wuri ne da aka keɓe domin masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya. Daga nan ne jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna yake tashi, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa hanyarsa mai tsawon kilomita 186, aka buɗe ta cikin watan Yuli na 2016. A nan kuma ya haɗu da jirgin cikin gari wanda aka fara buɗewa a 2018. Watau wuri ne na tireloli da tifofi da motocin ɗaga kaya, inda ɗan Adam da babbar mota suke cuɗanya tun daga asuba har dare.

Dalilin da ya sa muka kawo wa 'yan'uwanmu mazauna Kudu maganar Idu shi ne, wannan riga ita ce dai ake sawa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da matatar mai ta Dangote a Lekki, da duk inda ake aikin hanya daga Ikko zuwa Badun har Fatakwal. Da yawa daga cikinmu da ita suke neman abinci. Waɗansu ma Allah ya ɗaukaka su sun zama helima ko 'yan kwangila, su ne ke sayo wa yaransu. To, ya kamata kowa ya san abin da yake sawa, da abin da yake saye.

ASALINTA

Ba don ado aka ƙago ta ba. A 1964 ne hukumar reluwe ta Birtaniya ta gwada ba ma'aikatanta masu gyaran dogo a yankin Glasgow riguna ruwan goro masu ɗaukar ido, domin direban jirgi ya hango su tun daga nesa ya yi musu oda. Da aka ga amfanin abin sai ya bazu, har ya kai ga masu aikin hanya da tashoshin jiragen ruwa da na sama a duniya baki ɗaya. Har yanzu ma'aikatan dogo a Birtaniya ruwan goro suke sawa, don kada direba ya rikita launin rigar da fitilun ba da hannu.

Rigar tana da sassa biyu, kuma kowanne da aikinsa. Yadin mai ɗaukar ido na rana ne, da lokacin asuba da almuru da ranar hazo, domin rinin da aka yi masa yana ƙara wa hasken rana ƙarfi a idon mai kallo. Amma in duhu ya yi sosai, ba shi da wani tasiri. A nan ne ratsin azurfa yake karɓar aiki. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi, ko wasu 'yan tsage-tsage masu kama da madubi, waɗanda suke mayar da hasken fitilar mota daidai inda ya fito, watau wajen direba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya tak. Kun ga ke nan daƙiƙa biyu da direba ya riga ya hango mutum suna iya zama tsakanin rai da ajali.

AJI UKU NE

Akwai ma'auni na duniya da ake kira ISO 20471, wanda aka fitar a 2013. Ya amince da launi uku kawai: ruwan ɗorawa, da ruwan goro, da ja, dukkansu masu ɗaukar ido. Saboda haka shuɗiyar falmaran ko baƙa, kome kyanta, kome dacewarta da launin tambarin kamfani, ba ta cika wannan ma'auni ba.

Ma'aunin ya kasa rigunan aji uku bisa yawan yadi da ratsi. Aji na 1 shi ne mafi ƙanƙanta, yadinsa mai ɗaukar ido murabba'in mita 0.14 ne, ya dace da cikin yadin kamfani inda motoci ke tafiya a hankali. Aji na 2 yana bukatar murabba'in mita 0.50 na yadi da 0.13 na ratsi, a nan ne falmaran mai kyau take faɗowa. Aji na 3 kuwa yana bukatar 0.80 na yadi da 0.20 na ratsi, kuma sai da hannun riga ko wando mai ratsi, shi ne na masu aiki a bakin babbar hanya. Faɗin ratsin kansa kada ya gaza milimita 50, watau wajen inci 2.

INDA SUNA KE ƁATA RIGA

Buga sunan kamfani ba laifi ba ne, yana ma da amfani. A wuri irin Idu, inda ma'aikatan 'yan kwangila dabam-dabam suke aiki a fili ɗaya, da sunan ne mai gadi zai gane na gida da baƙo, kuma in tsautsayi ya auku a san wanda za a nema.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Bisa wannan ma'auni, duk wurin da tambari ko rubutu ya rufe ba a lissafa shi cikin yadin mai ɗaukar ido. Mai kamfani ya sayi riga aji na 2, ya kai wa mai buga tambari, ya ce a cika bayan da suna da lambar waya da adireshi cikin baƙin fenti, to yana iya mai da ita aji na 1 bai sani ba. Abin ya fi tsanani ga ƙananan riguna, domin yadinsu dama bai wuce iyakar da aka yanka da yawa ba. Mafi muni shi ne a buga rubutu a kan ratsin azurfa, wannan kam an kashe wurin ke nan. Shawara ita ce a taƙaita: ɗan tambari a ƙirji, suna layi ɗaya a baya tsakanin kafaɗu, in ana so da lambar ma'aikaci. Talla tana da allonta a ƙofar kamfani.

YADDA ZA KA GWADA

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai falmaran a kasuwa wadda ratsinta fenti ne kawai mai ruwan toka, ba ya mayar da haske. Kafin ka sayi dozin-dozin, sayi ɗaya. In dare ya yi ka rataye ta, ka ja da baya taku hamsin, ka riƙe tocila daidai gefen idonka ka haska. Ta gaskiya za ta yi wal kamar an kunna wuta, ta jabu kuwa sai dishi-dishi.

Ka duba 'yar takardar da ke ɗinke a ciki. Ta kirki tana nuna lambar ma'auni da ajin rigar, da yawan wankin da za ta jure, galibi sau 25 ko 50. Ka duba ratsin ya kewaye jiki gaba da baya. Ka zaɓi daidai jikin mai sawa, domin wadda ta yi burum-burum inji yana iya kama ta, wadda ta yi kaɗan kuwa ba ta rufuwa, kuma falmaran a buɗe rabin aiki take yi. Saboda zafin ƙasarmu, mai raga-raga ta fi daɗin sawa, don ma'aikacin da zufa ta dame shi tuɓewa zai yi ya rataye. Mai walda kuma ya yi hattara, yawancinsu yadin roba ne, tartsatsi yana narka shi a jikin mutum, nasa sai wadda aka yi musamman don jure wuta.

Wajen wanki kada a sa bilic, kada a goge ratsin da dutsen guga, a kuma shanya ta a inuwa, gama rana tana kashe launin. Ƙurar hunturu da siminti da baƙin mai su ma suna dushe ta. Ranar da ta koɗe, ta gama aiki, ko da ba ta yage ba.

HAKKIN WA?

Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta nauyin ba ma'aikaci tufafin kariya a inda aikin ke da cutarwa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalin wanda ya rasu.

Sai dai a yi hattara, sunan kamfani a bayanka ba shi ne takardar ɗaukar aiki ba. Falmaran kowa yana iya kai ta a buga masa, har da macuta masu tare hanya suna karɓar kuɗi. Saboda haka ka nemi katin shaida, ka tabbata sunanka yana cikin littafin albashi, ka kuma san ko kamfanin ne ya ɗauke ka ko ɗan kwangilarsa, tun kafin ranar da za a bukaci sanin haka.

Kai kuma helima, ranar da za ka je sayayya ka tuna yaran nan amana ce iyayensu suka ba ka daga gida. Ka fara tambayar ko direba zai hango su, sa'an nan ka yi maganar inda za a buga suna. Allah ya tsare mu a wuraren neman abincinmu, ya mai da kowa gida lafiya, amin.