Kalmomin Ingilishi Masu Nuna Sau Nawa Ake Yin Abu

Ina so in yi ɗan bayani a kan waɗansu ƙananan kalmomin Ingilishi da muke rainawa, alhali kuwa sukan kayar da mutum a jarrabawa, wani lokaci ma har a wajen shan magani. Ina nufin kalmomin da ke faɗin ko sau nawa ake yin abu.

Waɗansu daga cikinsu ba su da wuya, don kuwa sunayen jaridunmu ma sun koya mana su. "Daily" shi ne kullum, kamar yadda jaridar New Nigerian ta riƙa fitowa tun da aka kafa ta nan Kaduna ran 1 ga Janairu, 1966. "Weekly" mako-mako ke nan, kamar cin kasuwar Kawo ranar Talata. Jaridar Weekly Trust ma nan garin ta soma a 1998, sa'an nan a 2001 aka sami Daily Trust. "Monthly" wata-wata ne, kuma haka Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a Zariya cikin 1939. "Quarterly" wata uku-uku, "annual" shekara-shekara. "Fortnightly" kuwa duk bayan bakwai biyu, don asalin kalmar daga dare goma sha huɗu ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan harafin nan "bi" da ake maƙalawa a gaban kalma. Daga Latin Turawa suka aro shi, ma'anarsa biyu. To, amma biyun me? "Biannual" sau biyu ne a shekara, kamar yadda muke yin Salla ƙarama da babba. "Biennial" kuwa sau ɗaya ne cikin shekara biyu. Misali, Nijeriya ta ci Kofin Ƙwallon Afirka a Legas cikin 1980, ba a sake buga gasar ba sai 1982 a Libiya. Ku dubi kalmomin nan biyu da kyau. Bambancin rubutunsu bai taka kara ya karya ba, amma cikin shekara biyu ɗaya ya auku sau huɗu, ɗayan sau ɗaya tak. "Biweekly" ya fi su rikici, domin su kansu masu harshen sukan yi amfani da shi da nufin sau biyu a mako, sukan kuma nufi sau ɗaya a mako biyu. Wanda aka ce ya riƙa zubin adashi "biweekly" sai ya tambaya tun da wuri, in ba haka ba a yi rigima da uwar adashi. A nan ina ganin Hausa ta fi Ingilishi fayyace magana, don ba mai rikita sau biyu a mako da mako bibbiyu.

Ga kuma na takardar magani, wanda nake roƙon iyayenmu su lura da shi. "Three times daily" sau uku ne a yini. "Every three days" sau ɗaya ne bayan kwana uku-uku. "Every other day" kuwa ana sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi. Mutum ya ɗauki wannan a madadin wancan, ko dai ya sha fiye da kima ko kuwa ciwon ya ƙi warkewa.

Akwai wani jerin kuma wanda ba ya ƙidaya kwanaki, sai dai ya kimanta. Ana iya ɗaukarsa kamar tsani. Can sama akwai "always", wato kullum ba fashi. Ƙasa da shi "usually", yawanci. Sai "often", sau da yawa, da "sometimes", wani lokaci, da "occasionally", jefi-jefi. "Seldom" da "rarely" su ne ba safai ba. A gindin tsanin kuwa sai "never", wato faufau. A makarantar kwana irin tamu ba a rasa misali: ƙararrawar asuba "always" ce, wake da tsutsa "often", nama mai girman ashana kuwa "seldom". Abin lura shi ne "seldom" da "never" suna ɗauke da korewarsu a ciki, saboda haka ba a ƙara musu "not". Mazauninsu kuma gaban aikatau ne, sai in aikatau ɗin "is" ne ko "are" da 'yan'uwansu, nan sai su koma bayansa.

Amma wanda ya fi damuna shi ne "used to", don kusan kowa a ɗakin kwananmu yana faɗinsa ba bisa ƙa'ida ba. Dalili kuwa, mu a Hausa muna da "kan" na sabo: nakan je, mukan ci, sukan zo. Ingilishi ba shi da irin wannan, sai ɗalibi ya nemi abin da zai cike gurbin, ya kama "use to". To, shi "used to" abin da yake nufi shi ne dā ana yi, yanzu an daina. Yaron da ya rubuta "I used to pray five times a day" yana tsammani ya ce yakan yi salla sau biyar a yini, ashe ya shaida wa mai duba takardarsa cewa ya bar salla ke nan. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "I pray five times a day", in yana so ya ƙarfafa sai ya sa "always" kafin "pray". Haka kuma wanda ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa ya ce "I used to read at night", in mahaifin ya san Ingilishi sosai, to, ya shirya amsa tambaya ranar ziyara.

Malamin labarin ƙasa ya ƙara mana guda biyu a zangon da ya wuce. Rafin da ke gudu da damina kaɗai "seasonal" ne. Kogin Kaduna kuwa "perennial" ne, don ko da bazara ruwansa ya ja baya har duwatsu suka fito, ba ya ƙafewa.